Turken Ƙashi

Kafin in iso Ojo da fartanyata
filin nan na masu fasa batir ne.
Shekara tara gatari yana sara,
ruwan batir yana bin rairayi yana nutsewa,
dalma ta kwanta a ƙasa kamar tsohon bashi.
Suka kwashe komatsansu suka yi gaba.
Ni na biya haya, na ja kunya, na watsa iri.

Alayyafo ya fito kore shar,
latas ya yi kumatu,
matan Iyana Iba suna rububi tun da asuba.
Wa ya taɓa jin ganye ya yi ƙarya?

Sai Ilu, autana, ɗan shekara huɗu,
mai ɗanɗana ƙasa in an juya baya,
ya daina kiran akuyarsa.
Ciki ya murɗe, ido ya yi nisa.
Likita ta ja jini a kwalba
ta ce da ni: a ina yake wasa?

Ranar Talata Ibironke ta zo daga jami'a
da takalmin roba da ƙarfen haƙa,
ta ƙulla ƙasata a leda goma sha biyu
kamar mai sayar da yaji.
Da ta dawo ba ta zauna ba.
Ta ce dalma ba ta ruɓewa,
ba ta ƙonewa, ba ta tsufa.
In kwashewa za a yi, tifa ɗari ta yi kaɗan,
kuma ina za a juye? Bayan gidan wani.
Na ce, to yaya ke nan?
Ta ce, abin da ba ya koruwa, ɗaure shi ake yi.

Igiyar kuwa ƙashi ce.
Mantau mahauci ya tara mana a Oko-Oba,
haƙarƙari, ƙwauri, muƙamuƙi, buhu talatin.
Na san shanun nan.
Daga Maigatari suka taho a tirela,
kwana biyu a tsaye, ƙaho na gogar ƙaho.
Legas ta ci nama, ta sha romo,
ta bar mana abin da haƙori ya kasa.
Muka ƙona, muka daka, muka tankaɗe,
muka cuɗa da ƙasa zurfin kamu ɗaya,
muka yi ban ruwa, muka jira.

Ta ce akwai fosfet a cikin tokar.
In ya gamu da dalma sai ya rungume ta,
su dunƙule su zama ƙwayar tsakuwa
wadda ruwa ba ya narkarwa,
saiwa ba ta iya tsotsa.
Ban gani da idona ba.
Takarda na gani bayan damina,
lambar da ta hau ta sauko,
ba duka ba, amma ta sauko.

Yanzu kuɓewa nake shukawa, da tattasai.
Ganye sai a buhu, da ƙasar da na sayo.
In ƙasa ta yi tsami in barbaɗa farar ƙasa,
don tsami ke cinye igiya.
Duk shekara Ibironke za ta dawo da ledojinta
ta duba ko turke ya girgiza.

Ilu yana Agege wurin gwaggonsa.
Ran sallah na kai masa akuyar.
Ya kalle ta, ya daɗe yana kallo,
ya kira ta,
da sunan da ba nata ba.
Ta zo.

Dalma tana nan ƙarƙashin sawuna.
Ba mu shirya ba, ba mu rabu ba.
Da yamma in na wanke ƙafa a bakin rijiya
ina taka ƙasar a hankali,
kamar mai wucewa ta gaban bijimi
wanda ya san an ɗaure,
bai san ranar da igiya za ta gaji ba.